Ya'u da Akun da Ke Masa Talla

Ranar da Dillali ya yi amai a kan tiren mazarƙwaila, ana tsakiyar cin kasuwar Makarfi, Ya'u ya buɗe baki zai ce wani abu, maganar ta tokare masa kamar yadda ta saba. Sai ya rufe bakin, ya sa hannun riga ya hau goge tiren. Matar da ke tsaye tana taya kaya ta ja da baya, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce tsuntsun nan tsami yake yi, ta wuce rumfar gaba.

Dillali aku ne, mai launin toka da jan bindi. Duk wanda ya saba cin kasuwannin Makarfi da Kudan da Ikara ya san muryarsa tun kafin ya san fuskar mai shi, domin shi ke yi wa Ya'u talla. Ran nan kuwa tun safe bai ce uffan ba. Ya takure a kan sandar kejinsa da ke rataye a ginshiƙin rumfa, gashinsa a tashe, idonsa rabi a rufe, yana ta miƙa wuya yana haɗiyar abin da ya ƙi wucewa. Ya'u ya zura yatsa ta tsakanin waya, ya taɓa ƙasan wuyansa, wurin da tsuntsu ke tara abinci kafin ya gangara ciki. Wurin a kumbure yake, luguf. Abincin jiya ne bai wuce ba.

"Bakin mutane ne," in ji Yahya mai kaji, maƙwabcinsa a garinsu Gazara, kuma maƙwabcin rumfarsa a kasuwa. "Na sha gaya maka, abin da kowa ke yabawa ba ya kwana lafiya. Ka sa a yi masa tofi, sannan ka ƙara masa kafso. Guda nawa kake zuba masa?"

Ya'u ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Haba, shi ya sa! Ninka."

Da in'ina aka haifi Ya'u, kuma ba ƙarama ba, irin wadda mutum zai kama harafi ɗaya ya yi ta kokawa da shi har jijiyar wuyansa ta tashi. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu da haƙurin jiran mai in'ina. Kafin ya kai rabin kalma an ƙarasa masa, kuma sau da yawa ba abin da yake nufi ke nan ba. Ya'u ya sha zuwa shago neman gishiri ya dawo da gyaɗa, don mai shagon ya riga ya miƙo, shi kuma ya gaji. Tun yana yaro ya gane cewa gyaɗa kai ya fi masa sauƙi, ya rungumi wannan. Mahaifinsa ya ɗauke shi daga gonar rake ya zaunar da shi gaban kaskon dafa mazarƙwaila, ya ce nan ido ake buƙata ba baki ba. A nan ya girma, cikin hayaƙin tukar rake, yana kwashe kumfa, yana juya ruwan rake har ya yi kauri a zuba shi a ƙananan kwanoni ya daskare. Hannunsa ya faɗa sosai. Sai dai dafawa daban, sayarwa daban. Shekara da shekaru yana zaune a kasuwa bayan kayansa, masu saye suna wuce shi suna tafiya wurin masu baki, waɗanda tasu mazarƙwailar ba ta kai rabin tasa kyau ba. Wani abin takaici, sunan kayan da yake sayarwa shi ne kalmar da ta fi kowace ba shi wuya.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, matarsa Lantana. Idan ya fara, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta jira, ba ta kallon bakinsa, ba ta kuma kau da kai.

Akun kuwa Felix ne ya kawo shi, wani direban babbar mota da ya daɗe yana ɗaukar mazarƙwailar Gazara zuwa kudu. Da zai bar tuƙi ya koma garinsu, ya sauke kejin a rumfar dahuwa ya ce, "Malam Ya'u, kai ba ka magana, shi ba ya shiru. Ku zauna tare." Aka yi dariya, Ya'u ya kai tsuntsun gida bai san me zai yi da shi ba. Lantana ce ta san abin yi. Kullum idan ta zauna tsintar wake sai ta jawo kejin kusa, tana maimaita magana guda a hankali, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Wata safiya Ya'u na ɗaura kaya a babur, sai ya ji an ƙwala daga tsakar gida, da muryar Lantana sak, "Ga mazarƙwaila ta Gazara! A taɓa a ji!" Ya juya ya ga Lantana a bakin murhu, bakinta a rufe, tana danne dariya. Ya daɗe a tsaye riƙe da igiya. Ran nan ya ɗaura kejin a kan kayan, suka tafi kasuwa su biyu.

'Yan kasuwa ne suka raɗa wa akun suna Dillali. Ya ƙaro wasu maganganun da kansa: sannu da zuwa, ina gajiya, da kuma "Albarka!" wadda yakan jefa wa mai saye tun kafin bawan Allah ya taya. Mutane su taru suna dariya, wanda ya tsaya dariya kuma da wuya ya tafi hannu wofi. Ya'u ya zama mutumin da ake nema a kasuwa. Har gaisuwa Dillali ke amsa masa, shi nasa murmushi ne da miƙa hannu. A hanyar dawowa kuwa, inda ba kowa sai gonakin rake, Ya'u kan yi wa tsuntsun hira, kuma abin mamaki harshensa ba ya sarƙewa sosai idan da shi yake magana. Yana ƙaunar tsuntsun nan ƙwarai, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba.

A ganin Ya'u, rashin adalci ne wani ya yi maka tallan abu ka hana shi ɗanɗanawa. Saboda haka duk kiran da Dillali ya yi, sai ya gutsuro ɓarɓashin mazarƙwaila ya riƙe tsakanin leɓɓansa, ya kai fuska jikin keji, tsuntsun ya zo ya karɓa. Gwangwanin ruwansa ma ba ruwa zalla ba ne, da ɗan ruwan rake a ciki, kuma ƙarawa ake yi a kai idan ya ragu, ba a cika zubarwa a wanke ba. Geronsa jiƙaƙƙe ne da zaƙi. Kowa ya gani sai ya ce tsuntsun nan ya fi wasu 'ya'yan gata.

A ƙarshen damina ruwa ya dake su a hanyar Kudan, Dillali ya kwana biyu yana atishawa. Yahya ya kawo kafso, mai ja da rawaya ɗin nan da kowane gida mai kaji ke ajiyewa. A wurinmu kaza ba ta isa ta yi lagwas ba sai an ɓare mata kafso a ruwa har ruwan ya canja launi, ko me ke damunta, ba a tambaya. Atishawar ta tsaya. Ya'u ya ga maganin ya yi aiki, ya ce to me zai sa a daina abu mai kyau? Ya ci gaba da zubawa don rigakafi, mako bayan mako, har aka fara saran rake. Da Dillali ya ƙi shan ruwan saboda ɗaci, sai ya narka masa mazarƙwaila a ciki.

Bayan abin da ya faru a kasuwar Makarfi, ya bi maganar Yahya. Aka yi tofi, aka ninka kafso. Abin ya ƙara lalacewa. Dillali ya daina cin gero, in ya ci kuma ya dawo da shi, gashin fuskarsa duk ya manne da amai. Ƙashin ƙirjinsa ya fito, kana taɓawa ka ji shi kamar bayan wuƙa. Da Lantana ta leƙa cikin bakinsa lokacin da yake hamma, ta ga fari-fari a harshe da gefen baki.

"Malam," ta ce, "wannan ya wuce na Yahya. Ka kai shi Zariya wurin likitocin dabbobi."

Ya'u ya dube ta. Ta san abin da kallon ke nufi. Da a ce za ta iya binsa, da ita za ta yi bayani. Amma 'yarsu Rumaisa ta zo gida wankan jego, jaririn ko cibiyarsa ba ta warke ba, ruwan zafi safe da yamma duk a wuyan Lantana yake. Yahya kuwa cewa ya yi shi ba zai shiga mota da tsuntsu a yi masa dariya ba.

"Likitocin za su jira ka ka gama magana," in ji Lantana. "In ba su jira ba, ka sake farowa."

Washegari ya rufe kejin da tsohon zanenta, ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga motar Zariya ya ɗora kejin a cinya. Fasinjoji suka dame shi da tambaya. Wani ya ce a buɗe su ga akun, wani ya ce a sa shi ya gaida direba. Ya'u bai kula su ba. Kunnensa na jikin zanen, yana sauraron ƙarar farce a kan sanda. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ji tsuntsun ya zame, ya jira ya ji ko zai sake hawa. Da suka wuce wani ƙauye ya daina jin komai. Ya so ya ɗaga zanen, hannunsa ya ƙi. Haka ya yi sauran tafiyar bai san ko gawa ya rungumo ba, sai da ya sauka a tasha ya koma gefe ya leƙa. Dillali na ƙasan keji, yana numfashi.

Asibitin cike yake da masu awaki da masu karnuka. Da layi ya zo kansa, ya tarar da likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Rumaisa da yawa ba, an rubuta Veronica a ƙirjin farar rigarta. Ta gaishe shi da Hausa mai kyau, ta ce, "Baba, me ke damunsa?"

Ya'u ya fara. Harafin farko ya kama shi ya riƙe. Wani mai tunkiya da ke bayansa ya leƙo ya ce, "Mura ce, Likita, mura yake son ya ce. Ai lokacinta ne."

"Malam, da kai aka kawo tsuntsun?" in ji likitar, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta tura ƙofar ta rufe, ta jawo wa Ya'u kujera, ta zauna ita ma. "Baba, ba sauri nake ba."

Ya daɗe, amma ya faɗa. Ruwan da ya dake su, atishawa, amai, wuyan da ba ya saɓewa. Ta naɗe Dillali a tawul, ta buɗe bakinsa ta haska, ta shinshina, ta taɓa wuyan. Sannan ta yi tambayar da ta fi masa wuya.

"Me kake ba shi ya ci?"

Ya haɗa leɓɓansa zai faɗi sunan, suka ƙi rabuwa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya sa hannu a aljihu ya fito da gutsuren mazarƙwaila ya ajiye a teburinta, har da ɗan alfahari, don mai kyau ce. Ya sake laluba aljihu ya fito da sauran kafson ya ajiye a gefenta, don ta san bai yi sakaci da magani ba. Likitar ta dubi abubuwan nan biyu, ta tambaye shi tun yaushe. Ya gaya mata.

Ta sa auduga a tsinke ta goga cikin bakin tsuntsun, ta shafa a gilashi ta tafi da shi. Da ta dawo ta ce, "Baba, a gidanku ana yin fanke?"

Ya gyaɗa kai.

"To ka san yis ɗin da ake sawa ƙullu ya tashi. Akwai danginsa a jikin kowane tsuntsu, kaɗan, ba ya cutarwa, domin akwai wasu ƙwayoyin masu amfani da ke hana shi yawa. Kafson nan ba ya taɓa yis. Waɗancan masu amfanin yake kashewa, idan aka daɗe ana bayarwa. Da suka mutu, yis ya samu fili. Shi kuma ba abin da yake so kamar zaƙi." Ta taɓa mazarƙwailar da ɗan yatsa. "Shi ne farin da ke bakinsa. Ya cika masa wuya, shi ya sa abinci ba ya wucewa, yana zama ya yi tsami."

Ya'u ya sha ganin ƙullun Lantana yana kumbura a roba idan ta zuba sukari ta rufe. Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ba bakin kowa ba ne, ba ruwan sama ba ne. Shi ne, da hannunsa da leɓɓansa, kullum, yana murna. Baƙin ciki ya taso masa.

"Za-za-zai ta-tashi?"

"Ban yi maka alkawari ba, ya rame da yawa," ta ce. Ta rage wa tsuntsun abin da ya taru a wuyansa, ta ba shi ruwa ta allura, sannan ta kawo kwalbar wani magani mai kauri da sirinji marar allura. Ta ce irinsa ake ɗiga wa jarirai idan fari ya fito musu a harshe, kuma sai ya taɓa wurin yake aiki, don haka ba a zuba shi a ruwan sha. Dole a naɗe tsuntsun, a buɗe bakin, a ɗiga ta gefe kaɗan-kaɗan, safe da yamma. In aka yi gaggawa ya bi hanyar numfashi, zai iya mutuwa a hannun mai ba shi. Kafso an daina. Gwangwanin ruwa a wanke shi kullum. Abinci a ba shi sabo, da ganye da karas, abin da ya rage a zubar. Ba shi ba kasuwa, inda ƙudaje da tiren zaƙi suke. Ba a ƙara ba shi abu baki da baki. Mazarƙwaila kuwa, ko ɓarɓashi, har abada, domin wanda ciwon ya taɓa yi wa irin wannan kamu yana saurin dawo masa.

"Kowace safiya kafin ya ci komai ka taɓa wuyan," ta ce. "Ranar da ka ji shi wayam, abinci ya fara wucewa ke nan." Har ya ɗauki keji ta ƙara da cewa, "Baba, aku yana da riƙo. Wanda duk ya riƙa danne shi, zai iya daɗewa bai yafe masa ba. Gara ka sani tun yanzu."

Da ya isa gida ya zayyana wa Lantana komai, ta jira har ya kai ƙarshe. Ba ta ce masa ai ga irinta ba, ko da yake ita ma ta sha ganin gwangwanin nan ta yi shiru. Abin da ta ce shi ne, "Malam, bar ni ni in riƙa ba shi. In zai tsani wani, ya tsane ni. Ni ba ni da abin da zan rasa a wurinsa."

Ya so ya ƙi, amma ransa ya so maganar, ya yarda. Da yamma ta naɗe Dillali a tawul, shi kuma ya laɓe a bayan rumbu don kada tsuntsun ya gan shi. Dillali ya ƙwala wata ƙara da ba su taɓa ji ba, ya fizge kai ya kama mata yatsa. Hannunta ya yi rawa, ta danna sirinjin gaba ɗaya. Tsuntsun ya ƙware. Ya buɗe baki yana neman iska, maganin na fita ta hancinsa, ƙafafunsa suna shure-shure a cikin tawul. Rumaisa ta fito daga ɗaki tana salati. Ya'u bai san lokacin da ya iso ba. Ya karɓe shi, ya sunkuyar da kansa ƙasa, yana share hancin da bakin rigarsa, har aka ji wani ɗan tari, numfashin ya dawo da kyar. Lantana ta zauna a ƙasa tana kuka, jini na ɗiga daga yatsarta.

Ba a sake tattauna maganar ba. Hannu ɗaya ne a gidan ya san girman kan tsuntsun nan da inda ake riƙe shi, kuma hannun ba ya rawa, ya saba da tafasasshen kasko. Daga washegari Ya'u ne ke shigowa da tawul.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Da farko Dillali ba shi da ƙarfin yin gardama sosai. Abin da ya fi ci wa Ya'u rai shi ne bayan an gama, idan ya mai da shi keji, sai tsuntsun ya jawo jiki zuwa waya, ya kai baki daidai leɓɓansa yana jiran lada, kamar yadda aka saba masa. Ya'u ya juya fuska. Ya dafa gero ya dama da ruwa zalla, ya ɗiga masa. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci ya zura yatsa ya taɓa wuyan, ya ji shi luguf, ya fita bai karya ba. Kasko na jiransa a rumfar dahuwa, ya juya ruwan rake hankalinsa na gida, har ya ƙona dahuwa guda, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Yahya ya leƙo ya ga tsuntsun a ƙasan keji, ya ce likitocin nan yunwa za su kashe shi da ita, a ba shi ɗan zaƙi ya samu ƙarfi mana. Ya'u ya raka shi har zaure ya rufe ƙofa.

Akwai safiyar da ya tarar da shi kwance a gefe ɗaya, ido a rufe. Ya tsaya da tawul a hannu yana tunanin ko ya ƙyale shi ya mutu cikin salama, maimakon ya cika da tsoron hannunsa. Ya yi bisimilla ya naɗe shi. Ran nan Dillali ya cije shi a babban yatsa har ƙashi, Ya'u bai saki ba sai da ɗigon ƙarshe ya wuce. Lantana na ɗaure masa yatsan ta ce ai mai shirin mutuwa ba ya cizo haka.

Bayan 'yan kwanaki ya taɓa wuyan ya ji fata kawai. Ya sake taɓawa. Ya fita tsakar gida zai kira Lantana, sunan ya ƙi fita, sai ya kamo hannunta ya jawo ta har bakin keji ya ɗora yatsarta a wurin. Suka ci gaba da maganin har lokacin da likita ta ɗiba ya cika. Da ya mai da shi Zariya, ta sake gogawa ta duba ta ce bakin ya washe.

Dillali ya tashi. Ƙirjinsa ya ciko, gashinsa ya kwanta, ya koma cin karas da ganyen zogale a hannun Lantana, cizon da ya yi mata ma kamar ba a yi ba. Magana ta dawo masa. Amma da Ya'u ya sako ƙafa tsakar gida, sai ya yi tsit, ya matsa can ƙarshen sanda, ya ta da gashin wuya yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. An ƙona tawul ɗin, an jefar da sirinjin, bai canja ba. Ya'u ya zauna nesa ya yi masa hirar da ya saba yi masa a hanya, tsuntsun ya juya masa baya. Lantana ta ce a ba shi lokaci. Lokacin ya yi ta tafiya.

Kasuwa ta koma yadda take a da. Masu saye su tsaya su tambayi ina Dillali, kafin Ya'u ya amsa sun amsa wa kansu, wasu su ce ya mutu, wasu su ce an sayar, su wuce.

"Kai ma da taurin kai," in ji Yahya wata ranar kasuwa da ya ga tiren bai ragu ba. "Ai ya warke. Ɓarɓashi ɗaya zai kashe shi? Nuna masa kawai ka ga in bai dawo maka ba."

Maganar ta zauna wa Ya'u a rai. Wata rana da azahar, Lantana ta shiga maƙwabta, Rumaisa na barci da jaririnta, ya dawo daga rumfar dahuwa da ɗan gutsure a aljihu. Ya tsaya gaban keji, ya buɗe tafin hannunsa. Gurnanin ya tsaya nan take. Dillali ya karkata kai ya dubi abin da ido ɗaya. Ya tako sandar a hankali, ya tako, har ya iso jikin waya, inda rabonsa da tsayawa tun kafin a fara ba shi magani. Ya sunkuyar da ƙeya, yadda yake yi idan yana son a sosa masa. Ya'u na jin ɗumin jikinsa a yatsunsa. Yahya bai yi ƙarya ba, ga tsuntsunsa nan ya dawo, abin da ya rage kawai ya miƙa. Ya kuma san kansa sarai. In ya ba da na yau zai ba da na gobe, kuma ranar kasuwa zai ɗaura kejin a babur.

Ya dunƙule hannun. Dillali ya jira, ya ɗago kai ya dube shi, sannan ya koma ƙarshen sanda. Ya'u ya fita ya jefa gutsuren a bayan katanga, ya wanke hannu, ya zauna a zaure har aka kira la'asar.

Har yau Ya'u na cin kasuwanninsa uku shi kaɗai, yana sayar da abin da Allah ya nufa. 'Yan unguwa sun lura da wata sabuwar ɗabi'a tasa, har yara na cewa babur ɗin Baba Ya'u ba ya son layinsu. Idan ya dawo da yamma, tun daga bakin layi yake kashe injin, ya sauka ya turo babur ɗin da kaya a kai, domin Dillali ya san ƙararsa, da ya ji ta yake yin shiru. Ya jingine shi a hankali a jikin katanga, ya shiga zaure ba motsi, ya zauna a kan buhu. A ciki tsuntsun na ta sha'aninsa, yana kwaikwayon kukan jariri, Lantana na ce masa ya rufa mata asiri kada ya tashi na gaskiyar, shi kuma yana mayar mata da dariyarta. Lantana ta san mijinta na zaure, tana ganin inuwarsa ta ƙasan ƙofa, sai ta ƙara jan tsuntsun da hira. Ya'u kan zauna ya saurara har ruwan alwalar da ta ajiye masa ya huce, sannan ya miƙe ya yi sallama.